Muna taron farkawa kowace shekara, amma mutum goma ne ke ɗauke da ikkilisiya: ina gyaran yake?

Tambaya: Wani dattijon ikkilisiya ya ce membobinsu sun kai 200. Kowace shekara bayan kaka sukan yi taron farkawa na mako guda, majami'a ta cika, mutane su fito gaba da hawaye. Kafin wata ya zagayo komai ya koma yadda yake: addu'ar Laraba ba ta wuce mutum 15, kuma mutum goma ne ke shara, koyar da yara, ƙirga baiko da ziyarar marasa lafiya. Sun gaji. Me majalisar dattawa za ta yi?

Amsa: Baba Dattijo, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ka kawo kuka biyu, amma tushensu ɗaya ne. Mutumin da ya fito gaba ranar Juma'a da dare da gaske yake yi. Sai dai ranar Litinin ba wanda ya leƙa gidansa, ranar Lahadi kuma ya koma bencin da ya saba zama, ba wanda ya san alkawarin da ya ɗauka a gaban Allah, ba kuma wani aiki da aka danƙa masa. Ruwa ne ya sauka a gonar da ba a yi shuka ba. Su kuwa mutum goman nan, su suka shirya taron, su suka dafa wa baƙon mai wa'azi abinci, su suka kwashe kujeru, suka fito daga makon a gajiye fiye da yadda suka shiga.

Ruhu Mai Tsarki ne ke farkar da zuciya, babu tsarin da zai tilasta masa. Amma akwai rabon da ke hannunku, kuma mafi yawansa kafin taron yake da bayan taron. Ku ware mako 6 na shiri da mako 12 na bibiya. Idan ba za ku iya wannan ba, gara a ɗage taron bana.

Ku fara da biro da takarda. Sakatare ya kawo rajistar membobi, ku zauna ku bi ta suna bayan suna. A gaban kowane suna a rubuta unguwarsa, aikin da yake yi a ikkilisiya in akwai, da ranar ƙarshe da wani daga cikinku ya gan shi a sujada. Nan take za ku ga abu biyu: yawan muƙaman da kowane ɗaya cikin goman nan ke riƙe da su, da jerin waɗanda suka yi wata uku ko fiye ba su zo ba, ba tare da an cigiya ba. Wannan jeri na biyu shi ne aikinku na makonni uku na farko. Ku je musu biyu-biyu, kamar yadda Yesu ya aiki almajiransa a Luka 10. Idan gidan gwauruwa ne ko matar da mijinta ba ya gari, a tafi da wata dattijuwa daga Zumuntar Mata. Kada a je da wa'azi, kada a je da katin zakka. A gaisa, a tambayi lafiyar gida, sannan a ce: mun daɗe ba mu gan ka ba, ko akwai abin da muka yi maka? Daga nan a yi shiru a saurara, ko da abin da za a ji ba zai yi daɗi ba.

Dalilan da ake ji ba su cika wuce waɗannan ba. An yi rasuwa a gidansu ba wanda ya zo gaisuwa. Ana kiran sunayen masu ba da gudummawa daga kan bagade, shi kuwa ba shi da abin bayarwa. An yi tara kuɗin gini shekara biyu da suka wuce, har yau ba a karanta rahoto ba. Ƙabila ɗaya ce ke cin kowane zaɓe. Ko kuma an sa shi ƙarƙashin horo, aka hana shi cin Jibin Ubangiji, aka manta da shi. Wannan na ƙarshe yana bukatar a tsaya a kansa, domin ikkilisiyoyi da yawa sun iya sa horo amma ba su iya ɗage shi ba. A 2 Korantiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikkilisiya hukuncin da aka yi wa mai laifin ya isa, a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ku duba littafin majalisa, ku fito da sunan duk wanda ke ƙarƙashin horo. Kowannensu a sa masa dattijo ɗaya da zai riƙa ganinsa sau biyu a wata, a kuma sa ranar da za a sake duba maganarsa. Wanda aka maido, a karɓe shi a fili kamar yadda aka sanar da horonsa a fili.

Cikin makonnin nan ne kuma majalisa za ta dubi kanta. Idan akwai dattawa biyu da ba sa ga maciji, duk ikkilisiya ta sani, har yaran Makarantar Lahadi. Matiyu 5:23-24 ya ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Ku ware yini guda, fasto da dattawa kaɗai, da azumi, ku faɗi abin da ke tsakaninku. Inda maganar ta fi ƙarfinku, ku gayyato wani fasto mai shekaru daga gunduma wanda ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa. Haka nan idan rikicin na bashi ne ko jinginar gona tsakanin membobi. Nehemiya yana tsakiyar ginin garu lokacin da talakawa suka kawo kukan gonakinsu da 'ya'yansu da bashi ya cinye, a sura ta 5, bai ce a bari sai an gama gini ba. Ya tara manyan, suka mayar da abin da suka karɓa, aka kuma gama garun cikin kwana 52.

Yanzu ga abin da zai riƙe farkawar: ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, da ya taso daga Jos a farkon shekarun 1960 ya ratsa ikkilisiyoyin Arewa, a kan irin waɗannan ƙungiyoyi ya tsaya, talakawan membobi suna taruwa suna addu'a kafin su fita da bishara. A wurare da yawa waƙoƙin shirin da tufafinsa suna nan, taron gida-gidan ne ya mutu. Ku raba mutanenku bisa unguwa, yadda kowa zai isa da ƙafa cikin minti goma. Kowace ƙungiya mutum 6 zuwa 10. Kada ku buɗe 20 a rana ɗaya; ku fara da 5 ko 6 waɗanda kuke da shugabanninsu a hannu, mako uku kafin taron, don waɗanda za su fito gaba su tarar da wurin shiga.

Taron ƙungiya awa ɗaya ne, kuma a riƙe awar nan da gaske, don matar da ta bar tukunya a wuta ta san za ta dawo a kan lokaci. Minti 10 gaisuwa da waƙa ɗaya. Minti 25 karatun nassi: a ɗauki littafi guda, misali Markus ko Yakubu, a bi shi a jere, aya 10 zuwa 15 a mako. A karanta sau biyu da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba, wani ya maimaita labarin da bakinsa, sannan a yi tambaya uku: me wannan ya nuna mana game da Allah, me ya nuna game da mu, me za mu yi kafin mako mai zuwa? A yi amfani da fassara ɗaya a ƙungiya, domin Hausar tsohuwar fassarar 1932 ta bambanta da ta waɗanda suka biyo baya, kuma gardamar kalma tana cinye lokaci. Minti 15 addu'a, kowa gajeriya. Minti 10 na ƙarshe su ne suka fi saurin ɓacewa, su ne kuma ke haɗa addu'a da aiki: wa ba shi da lafiya, wa bai zo ba, wa zai je wurinsa, wace rana? A kira sunan mai zuwa, mako mai zuwa a tambaye shi.

Abubuwan da ke kashe ƙungiyoyin nan sanannu ne. Shugaba ya mai da minti 25 ɗin wa'azinsa, sauran su yi shiru, bayan wata biyu su daina zuwa, don sun riga sun ji wa'azi ranar Lahadi. Mai masauki na farko ya yi fura ko kunu, na biyu ya dafa shinkafa, na uku ya yanka kaza, na huɗu da ba shi da hali ya ce ba ya gida. Saboda haka a kafa doka tun farko, ruwan sha kawai. Kada a karɓi kuɗi a taron, ko baiko ko adashi, domin ranar da wani ya kasa zubi ranar ya bar ƙungiya. Sai gulma da ke shigowa da rigar roƙon addu'a: a yi wa wance addu'a, mijinta ya yi kaza. Dokar ita ce kowa ya kawo damuwar kansa, ta wani kuwa sai da izininsa, abin da aka faɗa a ɗakin kuma ya tsaya a ɗakin. Sirri ɗaya da ya fita ya isa ya rufe bakin kowa na shekara guda. Idan ƙungiya ta wuce mutum 12 a raba ta, ko da ba sa so, don daga nan masu kunya sun daina magana. Lokacin taro kuma ya bi yanayin gari: da damina a matsar da shi bayan an dawo gona, kada ya faɗa ranar kasuwa, inda kuma ake da matsalar tsaro a tashi kafin duhu.

Shi kansa taron farkawar, kwana 3 ko 4 sun isa. Mako guda yana gajiyar da masu hidima, kuma daga kwana na biyar masu zuwa sukan ragu. Ku zauna da mai wa'azin da kuka gayyata tun da wuri, ku gaya masa abin da kuka ji a ziyara ba tare da kiran suna ba, ku roƙe shi ya tsaya a kan nassi guda ko jigo guda. Kada a haɗa farkawa da tara kuɗin gini ko na mota. Da zarar an kawo maganar kuɗi a daren ƙarshe, mutane sun ɗauka dama abin da aka nufa ke nan. Lasifika ta tsaya a cikin majami'a, a kuma kula da lokacin sallar maƙwabta da na barcinsu. Ku horar da masu ba da shawara tun kafin ranar, mutum ɗaya ga kowane biyar da kuke sa ran za su fito, maza ga maza, mata ga mata. Kowane mai shawara da ƙananan takardu: suna, unguwa, lambar waya, da dalilin fitowa, ko sabon tuba ne, ko mai dawowa, ko mai neman addu'a kan wata damuwa. Waɗannan ukun ba magani ɗaya suke bukata ba.

A yi hankali da furta zunubi a bainar jama'a. Wanda ya tsaya a gaban mutum 200 ya ce ya yi zina da wance, ya sauke nasa nauyin ya ɗora wa wata da ba ta ba shi izini ba, wataƙila ma ya kashe aure biyu. Laifin da aka yi wa mutum ɗaya, a je wurinsa. Wanda aka yi a ɓoye, a faɗa wa fasto ko dattijo amintacce. Wanda aka yi wa dukan ikkilisiya, kamar cin kuɗinta, shi ne ake furtawa a gabanta, bayan majalisa ta ji shi. Kuma a koyar da mayar da abin mutane, kamar yadda Zakka ya yi a Luka 19:8. Tuban da ya kai ga biyan tsohon bashi ko maido iyakar gona yadda take, unguwa ba ta mantawa da shi.

Washegarin taron a raba takardun ga shugabannin ƙungiyoyi. Kowa a ziyarce shi cikin kwana bakwai, a gida, ba ta waya kaɗai ba. Sabbin tuba su shiga ajin shirin baftisma na mako 12. Kuma kafin wata ya cika, kowane mai suna a takarda ya sami aiki a hannunsa, komai ƙanƙantarsa.

Nan ne maganar mutum goman ta shigo. A Ayyukan Manzanni 6 an yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ƙara wa kansu aikin ba, ba su kuma tsawata wa masu gunaguni ba. Suka ce jama'a ta zaɓi mutum bakwai, aka ɗora musu hannu, aka sakar musu aikin. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci ke gare su, alamar daga ɓangaren da ya yi kuka aka ɗauko su. Ikkilisiyar da ke da ƙabilu huɗu ko biyar a benci ɗaya ta yi tunani a kan wannan kafin zaɓe na gaba.

Sanarwa daga kan bagade cewa ana neman masu taimako ba ta kawo kowa sai waɗanda dama suke aiki. Mutum yana amsawa ne idan an zo wurinsa an ce: mun lura kana da haƙuri da yara, muna so ka taimaki malamar aji na biyu, Lahadi biyu a wata, na tsawon wata shida. Don haka ku farfasa manyan ayyuka su zama ƙanana, kowanne a rubuce a rabin takarda: mene ne aikin, awa nawa yake ci a mako, wa za a kai wa rahoto, yaushe wa'adinsa zai ƙare. Wa'adin nan shi ne ke cire tsoro, domin mutane sun ga yadda wanda ya karɓi mabuɗin majami'a sau ɗaya ya riƙe shi shekara 15. Ikkilisiya mai mutum 200 za ta iya fitar da irin waɗannan ayyuka 60 ba wahala: shara rukuni huɗu, kowanne Asabar ɗaya a wata, masu tarbar baƙi, masu karatun nassi, masu kula da janareta da lasifika, masu kai wa tsofaffi Jibi tare da fasto, masu raka marar lafiya asibiti.

Kowa kada ya riƙe fiye da muƙami biyu, kuma duk mai muƙami ya kasance da mataimakin da yake koya wa. Koyarwar hawa huɗu ce: ya ga ana yi, ya yi tare da mai aikin, ya yi shi kaɗai mai aikin na kallo, sannan a sakar masa. Wata biyu zuwa uku sun isa ga yawancin ayyuka. Ku sa ran turjiya daga cikin goman nan da kansu. Suna kukan gajiya, gaskiya ne, amma ranar da aka ce wani ya karɓi littafin baiko ko jagorancin mawaƙa, sai a ji an ce yaron nan bai iya ba. Lallai ba zai yi kamar wanda ya shekara goma yana yi ba, kuma dole a jure wa wannan na ɗan lokaci. Ku gode musu a gaban ikkilisiya, ku bar kowa ya zaɓi biyun da zai riƙe, ku naɗa shi mai koyar da wanda zai gaje shi a sauran. Wanda aka ƙwace wa aiki a wulaƙance yakan zama shugaban 'yan adawa.

Matasa kuma kada a tsayar da su a kan ganga da jera kujeru. Farkawar da aka yi a garin Gindiri na Filato a 1972 a cikin 'yan makaranta ta taso. A ba su jagorancin wasu ƙungiyoyin gida, a sa ɗaya cikin masu duba lissafi. Ajin yara kuwa kullum manya biyu ne a ciki, kuma sabon zuwa ba ya koyar da yara sai ya yi wata shida ana ganin halinsa. 1 Timoti 3:10 ya ce a gwada mutum tukuna.

Bayan ayyukan cikin majami'a, ku zaɓi hidima guda da dukan ikkilisiya za ta sa hannu a ciki. Guda ɗaya, don masu buɗe biyar a lokaci guda ba sa gama ko ɗaya. Mafi sauƙi a yankin noma shi ne rumbun ikkilisiya. Lokacin godiyar kaka kowane gida ya kawo tiya biyu ta dawa, gero ko masara. Gida 60 sun ba da tiya 120, wato buhu uku masu tiya 40. A tabbatar hatsin ya bushe sarai, a zuba a buhunan ajiyar hatsi masu leda biyu a ciki, a ɗaure kowane ninki daban don kada iska ta shiga, a ɗora a kan katako nesa da bango. Mabuɗi biyu, a hannun mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba. Kada a taɓa shi sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbunan gida suka yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada. Jerin masu karɓa ya fito daga shugabannin ƙungiyoyi da Zumuntar Mata, su suka san tukunyar da ba ta hau wuta ba. 1 Timoti 5 ya nuna tun farko ana rubuta gwauraye, ana kuma bambanta mai 'ya'yan da za su iya riƙe ta da wadda ba ta da kowa. A kai hatsin gida da yamma, ba hoto, ba kiran suna a sujada. A ware kashi ɗaya cikin huɗu ga mabukata na unguwa da ba 'yan ikkilisiya ba, Musulmi ko wanin Musulmi, ba tare da wani sharaɗi ba. Galatiyawa 6:10 ya ce a yi wa kowa alheri. Da damina kuma a haɗa da gayya: kowace ƙungiya ta ɗauki gonar gwauruwa ɗaya ko ta tsoho, safiya ɗaya don noman fari, ɗaya don maimai, kowa da fartanyarsa da ruwan shansa, don kada ciyar da 'yan gayya ya fi ƙarfin wadda aka je taimaka wa.

Kuɗi kuwa ba ya bukatar dogon bayani, sai dai a bi shi sau da ƙafa. Mutum uku ke ƙirga baiko nan take bayan sujada, su sa hannu, rukunin yana juyawa kowane wata. A kai banki washegari. Fasto ba ya riƙe kuɗi, matarsa ba ta zama ma'aji. Rahoto a rubuce kowane wata uku, a karanta, a manna a bango. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba, 2 Korantiyawa 8:19-21.

Bayan wata uku, sannan bayan wata shida, ku sake ɗauko rajistar nan. Cikar majami'a a daren ƙarshe ba ita ce ma'auni ba. Ku ƙirga mutum nawa ke da aiki yanzu, nawa cikin masu takarda ke zuwa ƙungiya har yanzu, nawa aka maido daga horo, wace gaba aka sasanta, dattawa nawa suka sami Lahadi guda a wata da suka zauna kawai suka yi sujada. Fasto ya riƙa zama da shugabannin ƙungiyoyi sau ɗaya a wata, awa biyu, ya ji damuwarsu, ya bi nassin watan tare da su. Cikin ƙungiyoyi shidan farko, ɗaya ko biyu za su yi sanyi. Idan ƙungiya ta yi mako uku a jere ba ta kai mutum huɗu ba, dattijo ya je ya zauna a taronta ya ga dalili: lokaci ne, shugaba ne, ko wata magana ce ta fita. In ta gyaru a gyara, in ba ta gyaru ba a rufe ta, a raba mutanenta cikin ƙungiyoyi biyu mafi kusa a makon nan, kafin su saba da zaman gida.